Na ɗauka an ɗage zaman, ashe matso da shi aka yi

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 31, ina da aure da 'ya'ya biyu. Na yi shekara shida ina aiki a gida Najeriya kafin na samu aiki a wani asibiti a arewacin Ingila, yau wata biyar ke nan. Na ci jarrabawar Turanci ta IELTS da makin da ake nema, kuma tun ina makaranta ake yabon Turancina, amma tun da na zo nan sai nake jin kamar ban taɓa shiga aji ba. Shugabar sashenmu ta aiko mini da imel cewa zaman duba aikina "has been brought forward". Na ɗauka an ɗaga shi zuwa gaba ne, har na yi hamdala, ban ma buɗe takardar gayyatar da ke haɗe da saƙon ba. Ashe daga ranar 20 ga wata aka dawo da shi ranar 13. Ranar ina hutu a gida, ita da malamar da ke kula da horonmu suna can zaune suna jirana. Yanzu ta rubuto mini: "Let's catch up on Monday and go over it." Ban sani ba ko kora ce ke tafe. Da na ba wata abokiyar aikina 'yar ƙasarmu labari, dariya ta yi ta yi. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne sau da yawa gyaɗa kai kawai nake yi. Kwanan baya likita ya ce mini "hold off on the evening dose until the bloods come back", na ce to, alhali ban tabbata ba ko a ba da maganin yake nufi ko a dakata. Allah ya taimake ni ya rubuta a fayil. Maigidana ya ce in nemi a mayar da ni aikin dare zalla, inda magana ba ta da yawa. Kunya ta hana ni barci. Ina mafita?

Wata 'yar uwa daga Ingila

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma a karo na biyu ne na lura cewa matsala biyu kika kawo mini a cikin ƙunshi ɗaya. Wadda ta hana ki barci, wato zaman da kika rasa, ita ce ƙarama. Wadda kika ajiye can ƙarshen wasiƙa kamar mai raɗa, wato gyaɗa kai a kan maganar magani, ita ce babba. Zan fara da ƙaramar domin hankalinki ya kwanta, tun da mai fargaba ba ya jin shawara.

Idan Baturiya ta ce "let's catch up", a mafi yawan lokuta tana nufin a zauna a ɗan tattauna ba tare da wani tsari na hukuma ba, "go over it" kuma a bi abin da ya faru daki-daki. Ba zan iya shiga zuciyar shugabarki ba, amma lafazin da ta zaɓa lafazi ne mai laushi. A tsarin wuraren aiki na Birtaniya, zaman ladabtarwa na hukuma yakan zo da takarda a rubuce wadda ke bayyana laifin da ake tuhumar mutum da shi, kuma dokar ƙwadago ta 1999 ta ba ma'aikaci damar zuwa irin wannan zama da wakilin ƙungiyarsa ko abokin aikinsa. Layi ɗaya da aka rubuto miki bai yi kama da wannan ba. Duk da haka kada ki ɗauki zaman Litinin da wasa, domin kina cikin watannin gwaji, kuma yadda kika bayyana kanki a ranar zai zauna a ranta fiye da rashin zuwanki na ranar 13.

Kuskuren da kika yi kuwa yana da asali, kuma asalinsa Hausa ce. Mu idan muka ce an ɗaga biki zuwa gaba, kowa ya san an ƙara masa kwanaki. Da idonki ya faɗa kan "forward" sai zuciyarki ta ce "gaba", ta rufe lissafi a nan. Dabarar da nake koya wa ɗalibaina a kan irin wannan haɗi na aikatau da ƙaramar kalma ita ce su bar 'yar ƙaramar kalmar tukuna, su dubi aikatau ɗin da ya zo da ita. "Bring" shi ne "kawo", kuma Bahaushe ya fi kowa sanin abin da wasalin "o" na ƙarshe yake yi: fita da fito, tafi da taho, ja da jawo. Duk abin da aka kawo, wajenki ya nufo. Saboda haka zaman da aka ce "brought forward" an jawo shi kusa da yau. Shi kuma "push" turawa ne, don haka "pushed back" an tura shi can nesa, an ɗage shi ke nan, haka ma "put back" a bakin mutanen Birtaniya. Ba'amurke kuma yakan ce "moved up" idan an matso da ranar.

Kada ki zaci Turanci ne kaɗai mai wannan ruɗani. Mu ma muna cewa "nan gaba" muna nufin abin da bai zo ba, sa'an nan mu ce "gabanin sallah" muna nufin kafin ta zo. Muna cewa "shekarun baya" ga abin da ya wuce, amma "bayan sallah" yana can yana jiranmu. Ba mu taɓa jin nauyin wannan ba saboda a cikinsa muka tashi. Su ma Turawan akwai inda ƙafarsu ke zamewa. Masu binciken harshe da tunani a Amurka, cikinsu har da Lera Boroditsky a farkon shekarun 2000, sun riƙa gaya wa masu Turanci tun daga nono cewa taron Laraba mai zuwa "has been moved forward two days", sai su tambaye su wace rana ke nan. Mutane suka rabu kusan biyu, wasu Litinin wasu Juma'a, har aka lura cewa waɗanda saukarsu daga jirgin sama ke nan sun fi karkata ga Juma'a. Kin ga da "moved forward" shugabarki ta rubuta, da kina da hujja mai ƙarfi. Ga kuma agogo: a Lahadin ƙarshe ta watan Maris za ki ji ana cewa "the clocks go forward", ƙarfe 1 na dare ya koma ƙarfe 2, a Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma "the clocks go back", ƙarfe 2 ya dawo ƙarfe 1. A nan "forward" ƙara lamba yake yi, saɓanin na zaman naki.

To, sai dai adalci ya sa in gaya miki cewa "bring forward" ba shi da fuska biyu a Turancin Birtaniya, don haka shugabarki ba ta yi kuskuren harshe ba. Inda ta gaza shi ne rashin rubuta sabuwar ranar ƙarara a cikin saƙon, alhali ta san tana jagorancin ma'aikatan da suka fito daga ƙasashe daban-daban, kuma ba ta duba ko ranar hutunki ce ba, ba ta kuma nemi ki tabbatar da samun saƙo ba. Naki kason shi ne takardar gayyatar da ba ki buɗe ba. Ko da ɗagewa aka yi kamar yadda kika zata, ai akwai sabuwar rana, kuma ya kamata ki so sanin ta. Ina zaton daɗin jin an jinkirta abin da kike tsoro ne ya sa kika rufe wayar da sauri, wanda kuma halin ɗan Adam ne, amma gara ki amsa wannan da bakinki kafin a nuna miki shi.

Tambayar da na san tana cin ki ita ce yadda mai makin IELTS za ta faɗa wannan rami. Hukumar NMC, mai yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya, tana neman maki 7 a sauraro da karatu da magana, da 6.5 a rubutu, kuma wannan ba ƙaramin mataki ba ne. Abin da ya faru shi ne Turanci hawa biyu ne. Bayan Normawa daga arewacin Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da na Latin sun yi ta kwarara cikin harshen har tsawon ƙarnuka, suka zama harshen kotu da coci da makaranta. Daga nan irin su "postpone" da "cancel" da "continue" suka fito, kuma su ne muka haddace a aji muka ci jarrabawa da su. A ƙarƙashinsu kuwa akwai Turancin gida, na gajerun aikatau masu tafe da 'yar rakiya, wanda suke kira "phrasal verbs": "put off", "call off", "carry on". Kusan kamar bambancin "ya yi wafati" da "ya rasu" ne a wajenmu, sai dai nasu ya fi faɗi nesa ba kusa ba. Tun a 1755 Samuel Johnson ya ambata a gabatarwar ƙamusunsa cewa wannan nau'in haɗi ne ya fi ba baƙi wahala a Turanci. Shekara fiye da 250 ke nan ana tuntuɓe a wannan dutse, ke ba ki zo a sahun farko ba.

Ki tuna da Baturen da ya zo koyon Hausa, aka gaya masa ma'anar "ci" da ma'anar "sha". Ranar da ya ji an ci amana, an ci kasuwa, an ci gaba, an sha alwashi, an sha kashi, babu ƙamusun kalma ɗaiɗai da zai fisshe shi. Dole ya karɓi "ci gaba" a dunƙule kamar kalma guda, ya kuma ji ta a bakin mutane sau da yawa. Dabarar "kawo" da "tura" da na ba ki tana aiki a wasu wurare, amma ba ta buɗe kowace ƙofa, kuma mafi yawan waɗannan aikatau a dunƙule ake haɗiye su.

Game da lokaci mai zuwa, akwai abin da zai rage miki aiki idan kika riƙe shi. Aikatau na Turanci ba ya canza siffa don nuna abin da zai faru, 'yar rakiyar ma ba ta nuna lokaci. Kalmomin da ke gabansa ne suke ɗauke da wannan nauyi, kamar yadda "zan" da "za ta" suke yi mana. Idan abokiyar aikinki ta ce "I'll sort it out", yanzu ta yanke shawarar ɗaukar nauyin gyara abin. Idan likita ya ce "we're going to cut down the dose", an riga an tsara rage maganin. "I'm handing over at eight" siffarsa ta abin da ake cikin yi ce, amma nufinsa an riga an tsayar da miƙa aiki da ƙarfe takwas. Wanda za ki fi kasa kunne gare shi shi ne "about to", domin idan aka ce "she's about to pass out", yanzu-yanzu za ta suma, ba lokacin buɗe ƙamus ba ne. Akwai kuma inda Hausa za ta taimake ki kai tsaye. Ba ma cewa "idan allurar za ta sake shi zan kira ka", muna cewa "idan allurar ta sake shi". Turanci ma bayan "when" da "once" da "until" ba ya sa "will", shi ya sa likitanki ya ce "until the bloods come back" alhali sakamakon jinin bai fito ba tukuna.

Abin da littattafan nahawu ba su cika tsayawa a kai ba, kuma ni a ganina ya fi amfani a wurin aiki, shi ne nauyin alƙawarin da ke cikin kowanne. Bahaushe ya san tazarar da ke tsakanin "zan zo gobe da hantsi" da "ma haɗu". Haka "I'll get back to you by Friday" alƙawari ne mai rana, amma "I'll look into it" daidai yake da "zan duba" na ofisoshinmu, mai yiwuwa a duba, mai yiwuwa sai kin bi sawu, wato abin da suke kira "follow up" ko "chase up". "I'll get round to it" ya fi shi sanyi, ma'anarsa sai an samu sarari. Idan aka ce "I'll pencil you in for Tuesday", da fensir aka rubuta sunanki, ana iya gogewa, don haka kada ki biya mai rainon yara tukuna. "Go ahead" izini ne, "put off" ɗagewa, "call off" sokewa ɗungurungum, shiri kuma idan ya "fall through" ya wargaje da kansa ba tare da wani ya soke shi ba. "Come up" yana da fuska biyu da ya kamata ki raba: "your review is coming up" yana nufin zaman ya gabato, "something has come up" kuma daidai yake da namu "wani uzuri ya taso", kuma yawanci share fage ne na canza lokaci.

A bakin gadon mara lafiya kuwa, kusan duk maganar abin da zai faru da irin waɗannan ake yin ta, domin da su majinyata da danginsu suke tunani. Maganin rage raɗaɗi zai "kick in", wato ya fara aiki, daga baya ya "wear off", wato ya sake shi. Ƙuraje za su "clear up", ciwon da ya lafa yana iya "flare up". "Come round" shi kaɗai yana da aiki uku: likita ya zagayo duba marasa lafiya, wanda aka yi wa tiyata ya farfaɗo, ko mai gardama ya sauko ya yarda. Ranar da wata tsohuwa ta riƙe hannunki a bakin ƙofa ta ce "is he going to pull through?", tambayarki take yi ko mijinta zai rayu, kuma wannan ba tambayar da ake amsawa da murmushi da "yes" ba ce. Ki kuma lura da "should" a bakin likitoci. "It should clear up in a week" zato ne mai ƙarfi, ba lamuni ba ne, kuma idan kika mayar da shi "will" wajen yi wa dangi bayani, kin yi alƙawarin da likita bai yi ba.

Wannan ya kawo mu ga babbar maganar. "Hold off" dakatawa ne, a jinkirta har wani abu ya faru. "Hold on" jira kaɗan ne, "carry on" kuma a ci gaba. Tsakanin na farko da na ƙarshe akwai lafiyar mutum, wani lokaci ma ransa, musamman a magungunan da ake duba aikin ƙoda ko yanayin jini kafin a ba da su. A wannan karo rubutun fayil ya cece ki, amma ba kullum ake rubutawa a kan lokaci ba. Ƙa'idojin aiki na NMC sun ɗora wa kowace ma'aikaciyar jinya alhakin sadarwa a fili da kuma tsayawa a iyakar abin da ta tabbatar, don haka tambaya wani ɓangare ne na aikin da ake biyan ki dominsa. Daga yau ki ɗauki al'adar maimaita umarni da kalmominki, ki sa suna da adadi da lokaci: "So I won't give the six o'clock dose until we have the blood results, is that right?" Wannan hanya sananniya ce a asibitoci, matuƙa jirgin sama ma da ita suke aiki, kuma waɗanda aka haifa cikin Turanci suna yin ta. Babu wanda zai ji ta ya ce ba ki iya Turanci ba, abin da za a gani shi ne nas mai taka-tsantsan. Haka za ki yi da kowace rana da aka canza: ki amsa da sunan ranar da kwanan wata da ƙarfe nawa.

Ranar Litinin ki riga ta buɗe maganar. Ki ba da haƙuri sau ɗaya, ba tare da kuka ko dogon rantse-rantse ba, domin a al'adarsu yawan ba da haƙuri yakan sa a zaci laifin ya fi yadda yake. Ki faɗi abin da ya faru yadda yake: kin fahimci "brought forward" a matsayin ɗagewa, kuma ya kamata ki buɗe gayyatar amma ba ki buɗe ba. Sa'an nan ki gaya mata matakin da kika ɗauka na maimaita umarni da tabbatar da ranaku, ki roƙe ta ta riƙa sa kwanan wata a cikin saƙo idan an canza lokaci. Ina kuma ba ki shawara ki ambaci cewa salon maganar yau da kullum na sashen yana ba ki wahala a wasu lokuta, ki tambaya ko akwai tallafin da asibitin ke ba ma'aikatan da suka zo daga waje, ko wata tsohuwar hannu da za a haɗa ki da ita. Shugabar da ta san aikinta ta fi samun natsuwa da ma'aikaciyar da ta ce "ban gane ba" a kan wadda kullum take cewa "to". Batun maganin yamma kuwa, tun da ba a yi kuskure ba kuma babu wanda ya cutu, kina iya kawo shi a matsayin misalin abin da ya sa kika canza salo, kuma ni da zan so ki kawo shi.

Wajen koyo, kada ki sayi littafin da ya jera aikatau dubu ki ce za ki haddace, za ki gaji a shafi na goma. Ki sa ƙaramin littafi a aljihun rigar aiki, duk wanda kika ji ki rubuta jimlar gaba ɗayanta yadda aka faɗe ta, da wanda ya faɗa, ban da sunan majinyaci ko wani bayaninsa. Uku a rana sun isa. Da dare ki duba su a ƙamusun masu koyo na Cambridge ko Oxford, waɗanda suke kyauta a intanet, ki rubuta Hausarsu a gefe, washegari ki yi amfani da ɗaya da bakinki. Wani malami na kyauta da mutane ba su lura da shi ba shi ne hasashen yanayi na BBC, wanda gajere ne kuma kusan dukkansa maganar abin da ke tafe ce: ruwa zai "set in" ko ya "ease off", iska za ta "pick up" ko ta "die down", gari zai "brighten up". Ga shi kuma a ƙasar da kike babu hirar da ta kai ta yanayi saurin buɗe baki da majinyata. Wajen rubutu, ƙa'ida biyu za su raba ki da yawancin kurakurai. A irin su "put off", wakilin suna yana shiga tsakiya ne, a ce "put it off", ba a cewa "put off it". Sa'an nan "look forward to", wanda ke nufin ɗokin abin da ke tafe, aikatau mai "ing" ke bin sa, a ce "I look forward to meeting you". Ki fi ba ganewa muhimmanci a kan furtawa a yanzu, domin idan kika ce "postpone" kowa zai fahimce ki, iyaka a ce Turancinki na littafi ne.

Shawarar maigidanki daga tausayi ta fito, yana ganin matarsa ba ta barci yana neman inda za ta fake. Ki gode masa, amma ki bayyana masa yadda aikin dare yake. Da dare ma'aikata sun fi ƙaranci, manya ba sa kusa, kuma yawancin magana da likita ta waya ake yin ta, inda babu fuska babu hannu da za su taimaka miki gane nufi, ga gajiya a ɓangarorin biyu. Maganar ta ragu, amma kowace jimla ta ƙara nauyi. Bugu da ƙari, kunne ba ya sabawa da harshen da ya guje wa. Idan nan gaba kuka ga aikin dare ya fi dacewa da kai yara makaranta ko da kuɗin da ake ƙarawa, wannan lissafi ne na gida da za ku yi tare, amma ina ganin ki bari sai kin ƙare watannin gwaji da rana tukuna. Abin da zai iya yi miki yanzu shi ne ya riƙa karanta miki jimlolin littafin aljihunki da dare kina fassarawa, su ma yaran da ke makarantar Turawa za ki sha mamakin yawan waɗanda suka riga suka ɗauko a filin wasa.

Ita kuwa abokiyar aikin da ta yi dariya, ban ga alamar mugunta a abin da kika faɗa ba, ko da yake dariyar ta zo a lokacin da bai dace ba. Sau da yawa mai irin wannan dariya tuna nata take yi. Ki same ta ku biyu ki ce abin ya yi miki ciwo, sa'an nan ki tambaye ta wanne ne ya taɓa kayar da ita, da wuya ki dawo hannu wofi. Ku tuna wa juna kuma cewa ruɗanin ta ɓangare biyu yake tafiya. Idan kika ce wa Baturiya "I'm coming" kina fita daga ɗaki, wato "ina zuwa" tamu, za ta tsaya tana kallon ki, domin ita "I'll be right back" ta sani. "Next tomorrow" da muke cewa don jibi ba ya cikin Turancinsu, haka idan kika ce za ki "round up" aiki, ita "wrap up" ko "finish off" take jira ta ji.

Idan kuma zaman Litinin ya juya ya zama ba yadda muka zata ba, aka fara maganar tsawaita gwaji ko rubuta gargaɗi, kada ki sa hannu a kan komai a take. Ki nemi a ba ki a rubuce, ki ce kina son lokacin karantawa, ki tuntuɓi ƙungiyar ma'aikata. Idan har yanzu ba ki shiga ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi, kamar RCN ko Unison, ba, ki shiga cikin makon nan, ko da yake ƙungiyoyi ba kasafai suke ɗaukar matsalar da ta riga shigar mutum ba, don haka amfaninta na gaba ne. A daren yau kuwa ki amsa mata saƙonta da layi biyu, ki ce kin gode, ki tambayi ƙarfe nawa kuma a wane ɗaki, idan ta faɗa ki maimaita mata ranar da kwanan watan da lokacin. Allah ya ba ki sa'a, ya sa albarka a aikinki, kuma ina jiran jin yadda kuka ƙare.